Waƙar da Kowa Ya Sani, Amma Ba Kowa Ya Ji Ba

Idan aka tara malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu daga Agye da Gazawa da Gidan Rumji, aka tambaye su wace ce uwar waƙoƙin fada a ƙasar Hausa, da wuya a tashi ba a ambaci Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa ba. Wani zai rera amshinta, wani zai kawo ɗa ɗaya ko biyu da ya hardace tun yana koleji. Amma da za a ƙara tambayar wanda ya taɓa zama ya saurare ta tun daga bugun kotso na farko har zuwa inda makaɗa suka aje, sai wuri ya yi tsit. Haka lamarin yake ga Bakandamiyar Mamman Shata, da waƙar Shago ta Ɗan Anace, da manyan waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo. Sun zama kamar tsohuwar rijiyar gari: kowa na alfahari da zurfinta, kowa kuma a bakinta yake tsayawa.

Ba a rasa dalilin wannan hali ba, kuma ba daga wayar salula ya faro ba. Tun ranar da waƙar baka ta shiga na'ura aka fara yanka ta daidai da awon na'urar. Tsohon faifan garmaho minti uku ko huɗu kawai yake ɗauka a kowane gefe. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya faɗaɗa wurin zuwa minti 30 ko 45 a gefe, amma mai kwafa a kasuwa yakan datse waƙa inda zare ya ƙare, ya cike ɗaya gefen da wata. Gidajen rediyo kuwa, daga Rediyon Nijar da aka buɗe a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel, har zuwa Rediyon Kaduna da ake kamawa sosai a kwarin Maraɗi, suna da agogon da ba ya jiran makaɗi. Sukan ɗauki amshi su buɗe shiri da shi, ko su cike giɓi kafin labaru. A yau guntun ya ƙara gajarcewa: daƙiƙa talatin a WhatsApp ko TikTok, a saurara a fadar shayi, a yi shewa, a wuce.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ake asara? Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna cewa waƙar baka tana da gindi, wato amshin da ake komowa gare shi, tana kuma da ɗiya, waɗanda jagora yake saƙawa ƴan amshi suna karɓa, wani lokaci su ƙara masa. Gindin shi ne ƙofar gida, ɗiyan su ne ɗakuna. Wanda ya san amshi kaɗai ya tsaya a zaure ne, ya gaida mai gida, ya juya. A cikin ɗiyan ake jera asalin sarki da kakanninsa, a nan ake zuga shi, a nan ake yi wa ƴan sarki masu jiran gado habaici, a nan makaɗi yake wasa kansa ya ƙalubalanci abokan sana'a. Kuma waɗannan abubuwa ba a zube suke ba. Habaicin da ya zo a tsakiya yana samun kaifinsa ne daga yabon da ya gabace shi, amshin da aka ji karo na goma kuma ya fi na farko nauyi, domin ya ɗauko kayan duk abin da aka faɗa a tsakani. Gwanintar Narambaɗa a wannan jeri take, kuma guntu ba ya iya nuna ta.

Ga mutanen yankin Gidan Rumji akwai wata asara ta musamman. Narambaɗa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Amadu. Yaron Tsibiri da ya ji sarautar Sarkin Gobir a guntun waƙa zai iya ɗauka gidan sarautar garinsu ake nufi. Alhali gidan Isa zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, Tsibiri kuwa Gobirawa ne suka kafa ta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda rundunar Bello ta rinjaye su. Sarauta ɗaya ce a baki, gidaje biyu ne a tarihi, kuma sun taɓa fuskantar juna da mashi. Wanda ya bi waƙoƙin Narambaɗa da natsuwa, ya lura da kakannin da ake jingina Amadu da su, dole ya yi tambaya, tambayar kuma za ta kai shi Alƙalawa da faɗuwarta a 1808. Darasin tarihi ke nan cikakke, wanda amshi kaɗai ba zai taɓa buɗewa ba.

Haka kuma batun harshe. Hausar Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace ta yamma ce, ƴar'uwar wadda ake yi a kasuwannin Tsibiri da Cadakori. Kalmomin da ɗalibin Kano zai nemi a fassara masa, ɗalibin Gidan Rumji a bakin kakarsa ya ji su. Abin takaici ne a ce wanda ya fi kowa kusa da harshen waƙar shi ne ya wadatu da ɗanɗano.

Sai dai adalci ya wajaba a nan ta fuska biyu. Ta farko, ba duk tsawo ne zinariya ba. A cikin dogayen waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, akwai wuraren da kalangu ke tafiya shi kuwa yana jera sunayen masu kyauta, abin da ya yi ma'ana ga waɗanda ke wurin a daren, amma ya zama nauyi ga mai sauraro na yau. Ɗanƙwairo ma, wanda ya rasu a 1991, yakan ɗauko ɗan waƙa daga wata ya dasa a wata. Mai nazari yana da damar ya faɗi haka. Amma ba shi da wannan dama sai ya saurara, domin girmama waƙar da ba a ji ba da kushe ta duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ta biyu, kalmar "cikakkiya" kanta tana son a yi hattara da ita. Kundin mawaƙin Turai abu ne da aka tsara a ɗakin ɗaukar murya, aka rufe, ba ya ƙaruwa. Waƙar baka kuwa ba ta da zubi ɗaya tilo. Yadda aka rera ta ranar hawan salla daban ne da yadda aka rera ta a gidan rediyo, kuma abin da ke cikin kaset hoton yini ɗaya ne daga rayuwar waƙar. Saboda haka sauraro cikakke yana nufin a bi zubi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, in da hali a kawo na biyu a gwama, a ga abin da makaɗi ya riƙe da abin da ya sauya.

Akwai ma waɗanda ko guntunsu bai dawo gida ba. A shekarun 1960 Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kaɗe-kaɗen makaɗan Nijar, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da su a faifai. Daga baya Veit Erlmann ya yi aiki a kan kiɗan bori a yankin Maraɗi, har ya wallafa littafi kan girka tare da Habu Magaji a 1989. A Yamai, cibiyoyin IRSH da CELHTO suna riƙe da muryoyin da aka naɗa. Ƙasar da ta sa wa gasar kiɗanta ta ƙasa sunan Ɗan Gurmu ta san darajar makaɗanta, amma sanya suna daban ne, sauraro daban.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Malamin Hausa da ke koyar da waƙa daga layi huɗu da aka rubuta a allo yana koyar da kwarangwal ne, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Awa ɗaya a wata ta isa a kunna waƙa guda a aji, ba tare da tsallake ba, ɗalibai su riƙe alƙalami su ƙirga ɗiya, su rubuta sunaye da kalmomin da suka shige musu duhu. Ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa na Agye da Gazawa da Gidan Rumji za su iya shirya daren sauraro, su gayyato dattijon fada ko tsohon makaɗi ya warware habaicin. Wannan na ƙarshen shi ya fi gaggawa. Muryar Narambaɗa tana nan a na'ura, ba za ta tsufa ba. Amma mutanen da suka san wanda ake nufi da kowace baƙar magana a ciki raguwa suke yi kowace shekara, kuma ranar da na ƙarshensu ya kau, za a iya jin waƙar har ƙarshe ba tare da an ji abin da ta ce ba.