Jinjina ga matan Kankia da Kusada

A Kankia da Kusada, abin da gona ta bayar shi ke faɗa wa tukunya abin da za ta dafa, kuma mata ne suka ƙware wajen sarrafa shi.

A watan Agusta, lokacin marka, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. A nan ake gane gwaninta. Uwargida za ta tsinko tafasa ko rama a gefen gona, ta dafa, ta matse ruwan, ta daka ƙuli-ƙuli da barkono, ta yanka albasa, ta haɗa kwaɗo. Kafin maigida ya ajiye fartanya, yara sun ƙoshi. Zogale ya shiga dambu, yakuwa ta gyara fate.

Da kaka sai ta yanka kuɓewa ta shanya, ta adana kabewa domin miyar taushe. Da rani masu lambu su kawo tumatir da attaruhu, girki ya canza.

Wannan ilimi ne da ke riƙe gidaje cikin rufin asiri. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Don Allah ku koya wa 'ya'yanku.