BABI NA HUƊU: YADDA 'YAN KALLO KE AUNAWA DA JERA SHIRYE-SHIRYEN DOKUMENTARI NA TALABIJIN

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar dokumentari, wato shirin da ke iƙirarin cewa abin da yake nunawa ya faru da gaske. A wannan babi kuwa za a dubi yadda 'yan kallo suke auna irin waɗannan shirye-shirye, har su ce wannan ya fi wancan. Za a ɗauki jerin da shafin IMDb yake fitarwa a matsayin babban misali, domin yana cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, makin da 'yan kallo ke bayarwa yana auna yadda shiri ya burge su ne, ba ya auna gaskiyar abin da shirin ya faɗa, alhali kuwa gaskiya ita ce alkawarin da dokumentari ya ɗauka.

4.1 Hanyoyin Auna Ra'ayin 'Yan Kallo

Akwai manyan hanyoyi uku da ake bi wajen sanin karɓuwar shiri. Hanya ta farko ita ce ƙidayar yawan waɗanda suka kalla. Wannan shi ne aikin kamfanin Nielsen a Amurka tun daga shekarun 1950, da kuma hukumar BARB wadda aka kafa a Birtaniya a 1981. Ta irin wannan ƙidaya aka san cewa kashin farko na Blue Planet II ya sami 'yan kallo fiye da miliyan 14, ya zama shirin da aka fi kallo a Birtaniya a 2017. Sai dai ƙidaya ba ta faɗin ko wanda ya kalla ya gamsu ko bai gamsu ba.

Hanya ta biyu ita ce ma'aunin gamsuwa, irin wanda BBC ta daɗe tana amfani da shi. A nan ana tambayar wani rukuni na mutane da aka zaɓa su ba shirin da suka kalla maki daga 1 zuwa 10, sannan a mayar da sakamakon bisa 100. Hanya ta uku ita ce buɗaɗɗiyar ƙuri'a ta intanet, inda duk wanda ya yi rajista yake da damar ba da maki. Bambancin hanya ta biyu da ta uku yana da muhimmanci ƙwarai: a ta biyu masu bincike ne suke zaɓen waɗanda za a tambaya, a ta uku kuwa mai ba da makin shi ne ya kawo kansa.

4.2 Tsarin Jerin IMDb

Col Needham ne ya fara IMDb a 1990, kamfanin Amazon kuma ya saye shi a 1998. Mai amfani da shafin yana ba shiri maki daga 1 zuwa 10. Shafin ba ya tara makin nan ya raba da yawan masu ƙuri'a kai tsaye. Yana ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu, kuma ya ƙi bayyana cikakken lissafin, da hujjar hana maguɗi. Haka nan shiri ba ya shiga jerin 250 na sama sai ya tara dubban ƙuri'u.

Daga wannan tsari abubuwa biyu suke fitowa. Na ɗaya, shirin da bai kai ga jama'a masu yawa ba, komai ingancinsa, ba shi da wurin zama a jerin. Na biyu, ana cakuɗa dokumentari da wasan kwaikwayo a kan sikeli guda, ta yadda za a ga Planet Earth II yana gogayya da Breaking Bad a can sama, ko da yake ɗaya yana iƙirarin gaskiya ɗaya kuma ƙagaggen labari ne. Sikelin da zai iya auna waɗannan biyu tare, ba shakka abin da suka yi tarayya a kai yake aunawa, wato jan hankali da sosa zuciya.

4.3 Shirye-shiryen da ke Sama da Dalilan Ɗaukakarsu

Idan aka dubi dokumentarin da suka daɗe a saman jerin, za a ga sun kasu gida uku. Akwai na halittu, kamar Planet Earth na 2006, da Planet Earth II na 2016, da Blue Planet II na 2017, da Our Planet na 2019, waɗanda duk David Attenborough ne ya karanta bayaninsu. Akwai na sararin samaniya, wato Cosmos na Carl Sagan na 1980 mai kashi 13, da sabonsa na 2014 wanda Neil deGrasse Tyson ya gabatar. Sannan akwai na yaƙi, kamar The World at War na 1973 zuwa 1974, da The Civil War na 1990, da The Vietnam War na 2017. Dukkansu cikin Ingilishi aka yi su, kuma daga Birtaniya ko Amurka suka fito.

Dalili na farko na ɗaukakar rukunin halittu shi ne kyan hoto. Planet Earth mai kashi 11 ya ci kimanin shekara biyar ana haɗa shi, kuma ya yi suna saboda tsabtar hoton da ba a saba gani a irin waɗannan shirye-shirye ba a lokacin. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, don haka ɗan kallo yakan ɗauki kaifin hoto a matsayin shaidar gaskiya.

Dalili na biyu shi ne zubi irin na wasan kwaikwayo. Fitowar da ta fi shahara a Planet Earth II ita ce ta jaririn ƙadangaren teku, wanda ake kira iguwana, a tsibiran Galapagos, yana gudun ceton rai macizai suna bin sa ta kowace kusurwa. An tsara fitowar da tauraro da maƙiya da kiɗa mai tayar da hankali, sannan aka rufe da kuɓuta. A 2017 jama'a suka zaɓe ta a bikin BAFTA a matsayin fitowar da ta fi jan hankali. Wannan ya nuna cewa abin da 'yan kallo suka saka wa da lada shi ne gwanintar ba da labari.

Dalili na uku shi ne rashin gardama. Babu wata al'umma da za ta ji an ci mutuncinta saboda an nuna kifi ko tauraro. Shirin da ba shi da maƙiya ba ya samun masu ba shi maki 1 don huce haushi, sai makinsa ya tsaya a sama. Dalili na huɗu kuwa shi ne, wanda ya zauna ya kalli kashi 26 na The World at War har ya je ya ba da maki, tun farko masoyin fannin ne, so kuwa hana ganin laifi ne.

Duk da haka, adalci ne a ce jerin ba a banza yake ba. Kasancewar The World at War yana nan a sama bayan fiye da shekara 50, da tsofaffin hotunansa, ya nuna 'yan kallo suna iya gane aiki mai nauyi. Ƙarfin shirin yana cikin hirarrakin da aka yi da waɗanda suka ga yaƙin da idonsu, irin su Albert Speer da Karl Dönitz da Traudl Junge, sakatariyar Hitler, shaidun da babu damar sake samun su yanzu.

4.4 Inda Ma'aunin Ya Gaza: Batun Gaskiya

Babban gwajin kowane ma'auni shi ne a ga ko yana motsawa idan abin da ake aunawa ya canja. Shirin Human Planet na BBC na 2011 ya ba da damar yin wannan gwaji. Shirin ya zagaya duniya yana nuna yadda mutane suke rayuwa a wurare masu wuya, har da matan Tubawa masu ratsa Sahara da bikin Gerewol na Wodaɓe a Nijar. A wani kashi an nuna mutanen Korowai na yankin Papua a Indonesiya suna gina gida a ƙololuwar wata doguwar bishiya, kamar a can za su zauna. A 2018 BBC ta amsa cewa don ɗaukar shirin aka gina gidan, kuma daga baya ta janye shirin daga rarrabawa bayan an gano wata matsalar a fitowar farautar kifin whale. Amma wannan bai fitar da shirin daga sahun masu babban maki ba. Ƙuri'un da aka kaɗa kafin asiri ya tonu suna nan daram, domin mai ƙuri'a ba kasafai yake komawa ya gyara ba.

Irin wannan ya faru da Frozen Planet a 2011, lokacin da ta bayyana cewa fitowar jariran farin beyar a cikin raminsu a gidan namun daji na ƙasar Holan aka ɗauke ta. Haka kuma a farkon 2017 Martin Hughes-Games, wanda shi ma mai gabatar da shirin halittu ne a BBC, ya soki Planet Earth II da cewa yana nuna duniya tamkar lafiya lau take, alhali namun daji suna ƙarewa. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, sukarsa ta shafi abin da aka bari ba a nuna ba ne, ɗan kallo kuwa ba ya iya ba da maki kan abin da bai gani ba.

A fagen tarihi ma haka abin yake. The Civil War na Ken Burns mai kashi 9 ya sami 'yan kallo kusan miliyan 40 a Amurka. Amma masana tarihi sun yi ƙorafin cewa an ba marubuci Shelby Foote fili mai yawa, shi kuwa ya fi karkata ga jarumtar mayaƙa, aka rage wa Barbara Fields wadda ta nace kan cewa bauta ce tushen yaƙin. A 1996 har littafi aka wallafa na martanin masana tarihi a kan shirin, inda Eric Foner ya nuna yadda aka yi sakaci da abin da ya sami 'yantattun bayi bayan yaƙin. Wannan muhawara ba ta bayyana a cikin makin shirin ko kaɗan.

4.5 Ƙuri'ar Huce Haushi

Ɗaya gefen matsalar shi ne shirin da ya taɓa abin da mutane suke kishi. A watan Mayu na 2023 Netflix ta fitar da Queen Cleopatra mai kashi 4, inda 'yar wasa Adele James, wadda baƙar fata ce, ta fito a matsayin sarauniyar. Hukumar kula da kayan tarihi ta Masar ta yi tir da shirin tun kafin a nuna shi. Da ya fito, makinsa a IMDb ya faɗi ƙasa da 2 cikin 10. Ana iya samun hujjojin sukar shirin ta fuskar tarihi, amma irin wannan maki ba hukunci ne a kan tsari ko bincike ko hoto ba. Ƙuri'a ce a kan gardamar launin fata, kuma tsarin ba ya neman shaidar cewa mai ƙuri'a ya kalli shirin.

4.6 Muryoyin da ba sa Cikin Lissafi

Tambaya ta ƙarshe ita ce, su wane ne 'yan kallon da ake magana? Shirin Africa na Basil Davidson na 1984 mai kashi 8, wanda ya ziyarci fadar Sarkin Kano domin bayyana tsarin sarautun Afirka, da The Africans: A Triple Heritage na Ali Mazrui na 1986 mai kashi 9, duka an yi su ne da haɗin gwiwar Hukumar Talabijin ta Nijeriya. Na Mazrui ya tayar da ƙura a Amurka har Lynne Cheney, shugabar hukumar da ta ba da wani ɓangare na kuɗin aikin, ta sa aka cire sunan hukumar daga shirin. Duk da wannan tasiri, babu ɗayansu a jerin 250. Waɗanda suka kalle su a akwatunan talabijin a shekarun 1980 ba su ne masu kaɗa ƙuri'a a shafin ba.

Haka nan Welcome to Lagos na BBC na 2010 ya sha yabo a Birtaniya, amma Wole Soyinka ya soke shi da cewa kallon raini ne irin na 'yan mulkin mallaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai a wannan tsari ra'ayin wanda aka nuna rayuwarsa bai fi na baƙon da ya kalla daga nesa nauyi ba, kuma baƙin sun fi yawa.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an duba hanyoyi uku na auna ra'ayin 'yan kallo, an kuma yi nazarin jerin IMDb. An ga cewa shirin da ke hawa sama shi ne mai kyan hoto, mai zubin labari, wanda ba ya jawo gardama, kuma wanda aka yi shi cikin harshen mafi yawan masu ƙuri'a. An ga makin bai sauka ba lokacin da aka kama shiri da shirya abin da ya ce gaskiya ne, amma ya faɗi warwas lokacin da shiri ya ɓata wa jama'a rai. Saboda haka bai kamata manazarci ko malamin da ke zaɓar wa ɗalibai shiri ya ɗauki jerin a matsayin hukunci kan inganci ba. Amfaninsa shi ne ya zama shaida kan ɗanɗanon wani rukuni na 'yan kallo. A babi na gaba za a kawo ma'aunan da suka dace da feɗe dokumentari, wato ingancin hujja, da daidaiton muryoyi, da bayyana yadda aka ɗauki hoto.