Yadda Malama Ke Shimfiɗa wa Ƙwaƙwalwa Hanyar Karatu

Magana tun yaro yana goye yake tsintar ta, ba wanda ya zaunar da shi. Karatu kuwa sai an gina shi. Rubutu bai wuce shekara 5,000 da 'yan kai ba a duniya, don haka ƙwaƙwalwa ba ta zo da sashen da aka keɓe masa ba, aro take yi. Masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun nuna cewa akwai wani ɗan wuri a ɓangaren hagu, can ƙasa ta wajen ƙeya, a yankin da ke gane siffofin abubuwa. Idan mutum ya koyi karatu, wurin sai ya koma gane haruffa, ya ƙullu da sassan da ke kula da magana. A 2010 sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manya a Burazil da Fotugal, suka ga ko waɗanda suka koyi karatu da girmansu wurin ya farka.

Akwai yaran da wannan ƙullin ke yi wa wuya, alhali hankalinsu garau, bakinsu ya iya zance. Masana suna kiran matsalar disleksiya, jama'a kuwa sukan yi saurin cewa daƙiƙanci ne. Wani likita Ba'amurke, Samuel Orton, ya fara nazarin irin waɗannan yara a jihar Iowa a 1925. Malama Anna Gillingham ce ta mayar da fahimtarsa darussa, ita da Bessie Stillman suka fitar da littafin jagora a tsakiyar shekarun 1930. Har yau malamai na aiki da tsarin, kuma kallon gwana tana yin sa abin sha'awa ne.

Kayan aikin gwanar malama ba su da tsada: katunan haruffa, faranti da yashi mai laushi, murafen kwalba, ƙaramin madubi, da littafin da ita kaɗai ke rubutu a ciki.

Da kunne take farawa, babu harafi ko ɗaya a gaban yaro. Ta zana gidaje huɗu a jere a takarda, dabarar da ake jingina wa Daniil Elkonin na Tarayyar Sobiyat. Ta ce, "Yarona, ce gida." Ya ce. "To, ja ta a hankali. Duk sautin da ka ji, tura murfi ɗaya cikin gida ɗaya." Da farko murfi biyu yaron zai tura, gi da da, saboda gaɓa kunne ke ji. Nan ne aikin yake. Dole ya gano cewa a cikin gi akwai abu biyu, baƙi da wasali, waɗanda baki ke haɗawa ba tare da ya sanar da mai shi ba. Sai ta ɗaga murfi na biyu ta ce, "Cire i, sa a." Ran da yaron ya ce gada da kansa, an aza harsashi.

Bayan haka kati ke fitowa. Ta nuna harafi, yaron ya faɗi sautinsa, ba sunansa ba. Sai ta juya abin: ta faɗi sauti, shi kuma ya rubuta a yashi da yatsa biyu yana furtawa, ido da kunne da hannu da harshe duk a lokaci ɗaya. In ya yi kuskure, a girgiza faranti, ya goge, babu jan biro.

Inda na fi jinjina mata shi ne wajen b da d. Yaron da ke musanya su ba ciwon ido gare shi ba. Akuya ko gabas ta fuskanta ko yamma, akuya ce, kuma haka ƙwaƙwalwa ta saba ɗaukar komai tun daga haihuwa. Rubutu ne ke zuwa ya ce mata a nan hagu da dama ba ɗaya ba ne, sai ta kwance tsohon sabo. Gwanar malama ba ta haɗa haruffan biyu a mako ɗaya. Tana raba su ta hannu: b daga sama ake saukar da sanda sannan a yi masa ciki, d kuwa ciki ake fara zagayewa sannan a hau da sanda. Tana raba su ta baki kuma. Ta miƙa wa yaron madubi ya ga leɓɓansa sun haɗe a b, a d kuwa a buɗe suke, harshe ne ya taɓa bayan haƙora. Ga mai koyar da Hausa aikin ya ninku, tunda ɓ da ɗ suna nan suna jira da ƙugiyoyinsu, ga kuma bambancin kafa da ƙafa.

Sai haɗi. Ta jera katuna, ta riƙa canja ɗaya: bara, tara, tura. Takan jefa kalmar da ba ta da ma'ana, irin su zumo, don yaro mai wayo ya saba cinka daga harafin farko, kuma a nan cinke ba ya fitar da shi. Labarin da za ta ba shi a ƙarshen darasi ba ya ɗauke da harafin da ba a koya ba. Zai karanta shi yau, ya sake gobe, har tuntuɓe ya ragu.

Masana na muhawara kan yawan abin da yashi da yatsa ke ƙarawa, amma koyar da alaƙar sauti da harafi daki-daki ya samu shaida mai ƙarfi. A 2009 Timothy Keller da Marcel Just na jami'ar Carnegie Mellon sun auna yara masu shekara 8 zuwa 10 da karatu ke yi wa wuya, kafin da bayan awa 100 na horo mai tsanani. Suka tarar da zaren jijiyoyin da ke isar da saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa ya inganta.

Awa 100 ba wasa ba ce, shi ya sa ake son gajeriyar hanya: a miƙa wa yaro waya da wasan da aka ce yana kaifafa ƙwaƙwalwa, kowa ya huta. Monica Melby-Lervåg da Charles Hulme sun tattara bincike a 2013, suka ga irin wannan horo na riƙe abu a ka yana sa mutum ya gwanance a abin da aka horar da shi, amma amfanin ba ya tsallakawa zuwa karanta kalmomi. A 2016 kamfanin da ke da irin wannan wasa mai suna Lumosity ya biya dala miliyan 2 a Amurka kan tallan da ya wuce hujjarsa.

Ita malama, bayan yaro ya tafi, littafinta take buɗewa. Ba maki take rubutawa ba, irin kuskuren take rubutawa. In ya karanta tura a matsayin tara, matsalar wasali ce, gobe murafen kwalba za su dawo. In ya karanta daidai amma sai da ya tsaya ya yi dogon nazari, ƙullin bai yi ƙwari ba, katin zai koma cikin na bita, kuma ba za ta ƙara sabon harafi ba sai wannan ya zauna.