Kiɗan Fiyano da Karin Sautin Hausa a Waƙoƙin Fina-Finai

1.0 Gabatarwa

Keana gari ne na Alago a Jihar Nasarawa, ba nesa da Lafiya ba, wanda ya yi suna a sana'ar dafa gishiri, kuma sarkinsa yake riƙe da sarautar Osana. Ba garin Hausawa ba ne, amma Hausa ce harshen cuɗanya a kasuwa da tasha, kamar yadda take a sauran sassan jihar. Hausar da yaro yake ji a irin wannan gari ba ta tsaya ga ta bakin fatake da maƙwabta ba. Akwai wadda take fita daga wayar hannu da lasifikar masu biki, wato ta waƙoƙin fim, waɗanda aka ɗora bisa abin da ake kira kiɗan fiyano. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba abin da yake samun karin sauti da tsawon wasali idan aka ɗora Hausa a kan wannan kiɗa.

2.0 Wane Fiyano Ake Nufi?

Fiyano na asali, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙera a Italiya wajen shekarar 1700, yana da madannai 88 a sigarsa ta yau, kuma kowane madanni sauti ɗaya tak yake bayarwa. Alaƙarsa da fim tsohuwa ce, domin kafin 1927, lokacin da majigi ba ya magana, sau da yawa makaɗin fiyano ne yake zama gaban allo yana raka hotuna. A Turai da Amurka har yanzu akan ce kiɗan fim ya dace da fiyano idan mutum ɗaya zai iya kaɗa shi da hannu biyu, ba tare da murya ba, kuma mai sauraro ya tuna fim ɗin. Kiɗan da Michael Nyman ya tsara wa fim ɗin The Piano (1993) misali ne sananne.

Abin da 'yan fim na Kano suke kira fiyano kuwa na'ura ce mai aiki da lantarki, wadda aka ɗura wa sautukan kayan kiɗa iri-iri. Binciken Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda samfurin Yamaha PSR ya shiga ɗakunan kiɗa irin na Iyan-Tama a tsakiyar shekarun 1990, 'yan shekaru bayan fitowar Turmin Danya (1990). Fim ɗin Sangaya (1999) shi ya tabbatar wa masu shirya fim cewa waƙa da rawa suna sayar da kaset. Duk da bambancin da yake tsakanin kayan biyu, tsarin madannansu ɗaya ne, kuma a nan matsalar take.

3.0 Madanni da Karin Sauti

Hausa tana da karin sautin sama, da na ƙasa, da kuma faɗau. Bambancin da yake tsakanin wúyàa (gaɓar jiki) da wùyáa (wahala) na karin sauti ne kawai, haka kuma tsakanin kúukáa (zubar da hawaye) da kúukàa (itaciya). Irin wannan bai cika rikita mai sauraro ba, domin muhallin magana yakan warware shi. Inda abin yake da nauyi shi ne a lamirin lokaci, alal misali:

táa zóo (shuɗaɗɗen lokaci)
tà zóo (umurni ko fata)
tâa zóo (lokaci mai zuwa na biyu)

Jimloli uku ke nan masu ma'ana uku, kuma waƙar soyayya, wadda ita ce mafi rinjaye a fim, kusan kullum tana yawo ne tsakanin abin da ya faru, da abin da ake fata, da abin da ake tsammani. Idan raujin waƙa ya ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka, sai fata ya yi kama da labari. Faɗau kuwa ba shi da madanni ko kaɗan, domin zamewa ce daga sama zuwa ƙasa a cikin gaɓa ɗaya, alhali fiyano tsalle yake yi daga wannan sauti zuwa wancan. Dole makaɗi ya raba gaɓar gida biyu, ko ya zaɓi rabi ya bar rabi.

Kalangu bai san wannan matsala ba. Makaɗi yana matsa tsarkiya da hammata, sautin ya hau ko ya sauka yadda murya take yi, shi ya sa ake cewa kalangu yana magana. Goge da kukuma ma haka suke, yatsa yana zamewa a kan tsirkiya ba tare da wani shinge ba. Abin sha'awa shi ne Indiyawa, waɗanda aka ari salon waƙar fim daga wurinsu, sun riga Hausawa kokawa da wannan. Gidan rediyon ƙasar Indiya ya hana amfani da hamoniyom, wanda shi ma kayan kiɗa ne mai madannai, daga 1940 zuwa 1971, kuma cikin dalilan da aka bayar har da gazawarsa wajen zamewa tsakanin sautuka.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa na'ura laifin duka. Richards (1972) ya nuna cewa akwai dangantaka tsakanin karin sautin kalmomi da raujin waƙar Hausa, amma dangantakar ba ta ɗari bisa ɗari ba ce. Ko makaɗan baka sukan saɓa wa karin sauti jefi-jefi. Bambancin shi ne a wurin makaɗi irin su Mamman Shata, kalma ce take jan kiɗa. A waƙar fim da aka aro raujinta daga fim ɗin Indiya kuwa, an riga an dinka riga kafin a auna mai sawa. Mazauna yankin Keana sun san irin wannan tun kafin zuwan fim, domin waƙoƙin majami'a na Hausa da yawa fassara ce da aka ɗora a kan raujin Turai.

4.0 Abin da Yake Ceton Ma'ana

Tambayar da ta rage ita ce, me ya sa har yanzu ake fahimtar waɗannan waƙoƙi? Amsar tana ga nauyin gaɓa. Masana irin su Galadanci (1975) sun tabbatar cewa karin rubutacciyar waƙar Hausa yana tafiya ne bisa jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma Hayes da Schuh (2019) sun bi diddigin yadda wannan tsari yake bayyana a lokacin rerawa. A wannan fage fiyano ba shi da wata tawaya, domin ana iya riƙe madanni ko a sake shi da sauri. Muddin mawaƙi ya ba dogon wasali haƙƙinsa, gàríi (birni) ba zai zama gàaríi (niƙaƙƙen hatsi) ba, kuma táa zóo za ta rabu da tà zóo ko da rauji ya danne karin sautinsu. Abin da tsawon wasali ba zai iya rabawa ba shi ne táa zóo da tâa zóo, tun da duka dogaye ne.

Saboda haka hukuncin da ya dace a yanke wa waƙar fim ya sha bamban da na Turawa. Waƙar da ta fi daɗin kaɗawa a fiyano ita kaɗai, mai rauji da yake maimaita kansa baiti bayan baiti ba tare da sauyi ba, ita ce ta fi tilasta wa kalmomi bin hanyar da ba tasu ba. Wadda mawaƙinta ya fara tsara kalmomi, sannan makaɗi ya bi muryarsa, takan zama kamar ba ta cika ba idan aka cire muryar, amma Hausarta ta fi tsayawa daidai. Bahaushen Kano ko Katsina yana cike gurbin da rauji ya ɓata daga abin da ya sani tun yana goye. Yaron Keana kuwa, ko da yake Alago ma harshe ne mai karin sauti, kuma kunnensa a horar yake, bai san karin kowace kalmar Hausa ba tukuna, musamman kalmomin adabi da ba a jin su a kasuwar gishiri. Kalmar da ya fara ji a waƙa, da raujin waƙar zai riƙe ta.