Makahon Madrid da Jitarsa

A shekarar 1778 Francisco Goya, yana ɗan shekara 32, ya zana wani makaho yana kaɗa jita yana waƙa a dandalin birnin Madrid. Hoton yana gidan tarihi na Prado a yau, faɗinsa ya haura mita uku. Asalinsa samfuri ne da masaƙan sarkin Sifen na Santa Barbara za su bi su saƙa dardumar bango, a ƙawata masaukin yarima mai jiran gado a fadar El Pardo. Masaƙan suka mayar masa da shi, suka ce mutane da launuka sun yi wa zare yawa, dole sai da ya yi gyara.

To, wannan cunkoson da ya gagari masaƙa shi ne ya sa hoton ya shiga raina. Makahon yana tsakiya, ya ɗaga kai, baki buɗe, ɗan jagoransa na gefe. Amma Goya ya fi ɓata lokacinsa a kan masu sauraro: mata biyu, yara, wani baƙo cikin tufafi masu tsada, wani bisa doki da ya ja linzami ya tsaya, can baya kuma mai sayar da kankana. Kowa da irin sauraron da yake yi. Duk wanda ya saba cin kasuwar Yauri, ko ƙananan kasuwannin Shanga da Ngaski, ya san wannan taron. Makaho ya ɗauko baiti, ɗan jagora na amshi da ƙoƙo a hannu, sai ka ga mai albasa ya bar ciniki, masuncin da ya fito daga kwalekwale ya tsaya da kwandon kifi a ka, an yi da'ira ba wanda ya kira wani.

Goya ya ɗauki makahon a matsayin mai sana'a, kuma ya yi gaskiya. Makafin Madrid na wancan zamani suna da ƙungiyarsu, su ne ke rera waƙoƙin labarai a titi suna sayar da takardun da aka buga su. Mu ma muna da Sarkin Makafi, kuma bakin makafi ne ya yaɗa Imfiraji ta Aliyu Namangi daga Zariya zuwa kasuwanni da tashoshin mota, har ta isa kunnen wanda bai taɓa buɗe littafi ba.

Inda nake da ja da hoton shi ne tsaftarsa. Haske mai laushi, ba ƙura, ba ƙuda, ba alamar yunwa a fuskar kowa. An wanke talauci an goge shi domin kada ya ɓata wa yarima rai. Akwai kuma wani baƙar fata ɗan garuwa a gefe, ɗauke da tulun ruwa a baya, wanda Goya da kansa ya lissafa cikin bayanin da ya miƙa wa masana'antar saƙar. Na ji daɗi da bai manta da 'yan Afirkan da ke aikin ƙarfi a Madrid ba, sai dai na so a ce ya ba wannan bawan Allah fuska mai magana irin wadda ya ba makahon.