Ranar Biya

Sunaye biyu ake kiran ranar da ma'aikaci ke amsar hakkinsa da su, watau ranar albashi da ranar biya. Masu rubutu sun fi son na farkon, wai ya fi nauyi a takarda. Amma na biyun ya fi faɗin gaskiya.

Albashi kuɗi ne da aka yanka wa mutum wata-wata, ko aikin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ya bambanta da lada, wadda ɗan ƙodago ke amsa da zarar ya ajiye fartanya. Abin bai yaɗu a ƙasar nan ba sai da aka tsayar da Baitulmalin En'e wajen 1911, aka sa hakimai da alƙalai da malaman haraji cikin lissafi. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda a 1929, leburorin reluwe da akawunan kamfanonin gyaɗa suka ƙara yawan masu ƙidayar kwanaki. Watan da suke ƙidaya kuwa na Bature ne, ba wanda ake duba a sama ba, shi ya sa Salla takan riski ma'aikaci aljihu wayam, ya ce wata ya yi nisa.

To, kalmar biya ba ta faɗi wanda ke biyan wani ba, nan kuwa armashinta yake. Da hantsi a biya malami, kafin la'asar shi ke biya. Mai hatsin da ya ba shi tiya goma bashi yana zaune ƙofar gida, ga mahauci, ga tela, ga uwar adashi ta aiko yarinya, ga kuma ƙanensa ya taso tun daga Zurmi, wai gaisuwa ce ta kawo shi. Fatake masu cin kasuwar Shinkafi ran Alhamis sun san makon nan sarai, ko da ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Ashe ranar ta gari duka ce, mai albashi hannunsa kurum kuɗin suka ratsa.

A 1973 naira ta maye gurbin fam da sule, a 1976 ƙananan hukumomi suka gaji En'e. Yanzu ba layi gaban ma'aji, ba dangwala yatsa. Waya ke ƙara, a ce alat ya shigo. Masu bin bashi dai ba su ɓata lissafi ba, har sukan riga mai wayar jin labari.