Gwanin Koren Labule

Duk wanda ya kalli mai bayanin yanayi a talabijin yana nuna taswira a bayansa, to galibi ba taswira ce a wurin ba, koren labule ne kwamfuta ta cire, ta ɗora wani hoton a gurbinsa. Dabarar ta daɗe: da shuɗin bango Larry Butler ya yi ta a fim ɗin The Thief of Bagdad a 1940, har ta kai shi ga lambar Oscar. An koma kore ne saboda ya yi hannun riga da launin fatar mutum, kuma idon kyamarar zamani ya ninka ɗigon kore a kan na ja da na shuɗi.

A Omdurman, inda gidan talabijin na Sudan ya fara aiki a 1962, suturar jama'a ce ke auna gwanintar mai ɗaukar hoto. Mutumin unguwar Alsawra zai zo da farar jallabiya da rawani, farin yadi kuwa duk hasken da ya dawo daga labule sai ya kwashe shi, kafaɗa ta yi kore, kwamfuta ta gutsure ta. Laffayar mata ta fi wuya, don shara-shara ce, koren yana leƙowa ta cikinta.

Nan ake gane gwani. Kafin ya taɓa kyamara zai goge labulen, ya ɗaure shi tamau, ya kakkaɓe ƙurar guguwar habub, domin kowace tattara inuwa ce, inuwa kuma wani koren ne dabam a wurin kwamfuta. Labule da fitilunsa biyu, dama da hagu, haske ya bazu daidai wa daida. Mutum ma da nasa. Sai ya janyo shi gaba kamar mita 2, inuwarsa ta faɗi ƙasa, koren ya daina wanke masa baya. Daga nan ya kunna 'yar fitila ta bayan kai, wadda za ta zana gefen rawani, ta raba shi da bango.

Saitin kyamara ma da lissafinsa. Lantarkin Sudan yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka yakan ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, ya sa shata a 1/50, ko 1/100 in hannu zai yi ta motsi, don kada fitila ta yi ƙyafce kuma yatsu su dushe. Yakan rage ISO, saboda hoto mai yashi-yashi ba ya yankuwa sumul. Ko tutar ƙasar ba ya barin ta shiga, don kusurwarta kore ce, za ta ɓace.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In haske ya daidaita a wurin ɗauka, mai tacewa dannawa kaɗan zai yi a manhajar DaVinci Resolve. In bai daidaita ba, sai ya kwana yana bin gefen laffaya hoto bayan hoto.